Azumin da Fulawa Ta Ɓace a Yola

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Duk wanda ya san Yola ya san abin da nake nufi. Tun ƙarfe tara na safe bango ya ɗau zafi, ruwan tanki ba ya taɓuwa sai an sirka, in ka hau keke mai ƙafa uku daga unguwar Bekaji zuwa kasuwa iskar da ke dukan fuskarka kamar an buɗe tukunyar tuwo. Jikokina na ta mita, wai ba a taɓa yin zafi irin na bana ba. Na ce su rufa min baki. An yi. Shekara talatin da uku ke nan, lokacin da watan ya zagayo daidai nan, kuma wancan karon ba fanka, ba firji, ba ko burodi a gari.

Burodin ma yanzu bai dame ni ba, don ko an cika gidan nan da shi ba na ci. Shekara biyu ke nan da likita ta gano abin da ke cina. Na daɗe ina fama da kumburin ciki da gudawa da rashin jini. Na sha maganin ulsa har na haddace sunayensu, na sha saiwa da sassaƙe, an ce taifot ne, an ce basir ne. Sai da aka ɗebi jinina aka aika wani gari, aka kuma zura min wata igiya mai ido ta maƙogwaro, sannan aka ce sunan ciwon siliyak. Jikina ne ba ya shiri da alkama. Akwai wani abu a cikinta, wanda ke sa ƙullu danƙo, in ya isa hanjina sai jiki ya tashi yaƙi da kansa, ya goge hanjin har abinci ya daina kama jiki. Ba allura, ba ƙwaya. Maganin ɗaya ne, in rabu da alkama da danginta har in koma ga Allah.

Na ce wa likitar, “Ni? Ni da duk Jimeta aka sani da funkasau?”

Ta ce, “Ke fa, Hajiya. Ko ɗanɗanawa.”

A baki abu ne mai sauƙi. Sai ka fara ka ga ashe fulawa ta shiga ko'ina kamar gulma. Burodi, taliya, cincin, fanke, alkaki, waɗannan ko yaro ya sani. Amma mai ƙosai na zuba ta don ƙullu ya yi auki, wata mai masa haka, ɗanwaken yanzu rabinsa ita ce, har dunƙulen ɗanɗanon miya sai na sa tabarau na karanta bayan kwali. Ina da rariyata, da muciyata, da kaskona, kuma duk wadda ta soya min ƙosai a man da aka yi fanke, ranar za ta ji bakina. Niƙa ba na kaiwa injin unguwa, don ban san abin da aka zuba kafin nawa ba. Gidan biki da kulata nake zuwa, ana kallona ana cewa Hajiya ta kamu da ciwon 'yan gayu. Su faɗa mana. Cikina ne, ba nasu ba. Shan ruwana yanzu kunun gyaɗa ne, da ƙosan da aka markaɗa a gabana, da masar shinkafa, sahur kuma ɗumamen tuwon masara. Rabona da ciwon ciki tun wata na biyu da na fara.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya min a rai tambayar da likitar ta yi ne tana rubutu, ko kallona ba ta yi.

“Ciwon nan yana bin jini. A gidanku akwai wanda ya yi irin wannan faman?”

Na ce babu. Na fito na hau keke, mun zo daidai shataletale sai na ji kamar an watsa min ruwan randa. Akwai mana. Babana.

Modibbo ake ce masa, wato malam a bakinmu na Fulani. Gidanmu na Adarawo, cikin tsohon garin Yola, kuma shi ke jan baƙi a tafsirin masallacin unguwa bayan la'asar, ya karanto aya, liman ya fassara. Dogo ne siriri, cikin idonsa fari fat kamar ba jini, sai dai murya. In ya ja aya har matan da ke bayan katanga ajiye taɓarya suke yi. Amma yana da wani suna da ba a faɗa a gabanmu, Modibbo Bakwai. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya jera azumin Ramadan fiye da bakwai ba.

Duk shekara haka ake yi. Kwana uku na farko lafiya lau. Na huɗu ciki ya fara ƙugi. Daga nan sai zirga-zirga da buta, abin da 'ya ba ta son faɗa a kan ubanta. Kafin mako ya cika ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, bakinsa duk ƙuraje, Dada, wato mahaifiyarmu, ta durƙusa da ƙoƙon kunu da rana tsaka tana roƙonsa. Ya karɓa ya sha yana kau da kai. Sauran watan kuma yau ya yi, gobe ya sha. A haka zai lallaɓa ya je ya ja baƙi, a gaban mutanen da leɓunansu suka tsattsage, kowa ya san shi da ruwa a cikinsa. Bayan Sallah in ya murmure sai ya rama kwanakinsa ɗaya bayan ɗaya, ko ciwon kai ba ya yi. Wannan ne ya ba masu baki abin faɗa.

“Modibbo ai wayo gare shi. Ya bar mu da rana, shi sai gari ya yi sanyi.”

Wata na ji ta faɗi haka a bakin rijiya, ina 'yar shekara goma sha biyu. Na kifar mata da bokiti a ƙafa. An zane ni a gida, kuma har yau ban yi da-na-sanin wannan ba.

Ba wanda ya taɓa kawo abinci a ransa. Ta yaya ma? Abin da ake kawo wa Modibbo a azumi shi ne mafi daraja a unguwa. Sauran watanni tuwon dawa ne da na masara, da kunu, da fura in an samu nono. Amma wata na tsayawa sai kwanuka su fara shigowa zaure kafin magariba, funkasau daga gidan wane, alkubus daga gidan wane, ga alkaki, ga gurasa, 'yan kasuwan da suka yi karatu a gabansa kuma su aiko burodin Jimeta don sahur. Alkama abincin girmamawa ce, ba a kai wa malami tuwo. Mu yara mu ci ƙosai, a ajiye masa na alkama. In ya kwanta kuma a ce cikinsa ba ya son abu mai nauyi, a jiƙa masa burodi a shayi.

Ni ce 'yarsa ta fari, Fadimatu. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya ma nuna ya san da zamansa. Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Ƙannena su hau cinyarsa, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa “ke” ce, ko “a ce wa waccan”. Dada ma Adda take ce min, yadda ƙanne ke kiran yayarsu. Sanin al'ada bai hana abin cin raina ba. Ni mai zuciya ce tun ina ƙarama, kuma na ƙudurta a raina wata rana sai na yi abin da zai sa mutumin nan ya dube ni.

Shekarar da nake ba ku labari, damina ta ɗauke da wuri, dawa ba ta yi ido ba. Abin da aka kawo daga gonarmu bai kai rabin rumbu ba. An daɗe da hana shigo da alkama daga waje, amma ana ɗan samun fulawa ta bayan fage. Shekarar ce ta ɓace ƙaf. Gidajen burodin Jimeta wasu suka rufe, wasu suka koma yin wani abu mai tauri kamar bulo, wanda ba mai mutunci da zai aika wa malaminsa. Ni lokacin watana biyar da aure, ina zaune a Dubeli, cikin Jimeta. Maigidana Sa'adu direban babbar mota ne, tafiya ta kama shi zuwa wajen iyaka, sai ya kai ni gida Adarawo in fara azumi cikin 'yan'uwa.

Zafin shekarar ba ya faɗuwa. Kogin Binuwai ya janye ya bar rairayi fari fat, har akwai inda mutane ke tsallakawa da ƙafa. Rijiyar gidanmu sai da aka ƙara igiya, guga ya fito rabinsa laka, a ajiye ya kwanta kafin a tace. Ƙadangaru a gindin katanga baki buɗe. Da hantsi muke gama aikin ƙarfi, don in rana ta take ba mai iya ɗaga taɓarya. Matan gida uku ke haɗuwa a tsakar gidanmu saboda inuwar mangwaro, a surfa masara, a sheƙe, a jiƙa gero, a gyara wake. Turmi ɗaya, taɓarya uku, ba waƙa ba hira don kar miyau ya ƙare. Wadda jiri ya ɗiba ta koma gefe, wata ta karɓa. Dusar da a da akuya ke ci, Dada ta sa a sake tankaɗe ta a mayar cikin gari.

Da azahar kowa ya jiƙa zane ya lulluɓa, ya kwanta a kan siminti, kafin ka juya zanen ya bushe. Yunwar ma ba ita ce ke damunmu ba, ƙishi ne, harshe ya yi kauri a baki, in ka haɗiye sai ka ji maƙogwaro na ƙara. La'asar na yi a tashi a jiƙa tsamiya, a dama kunu, a ɗora kasko da ɗan man gyaɗar da cokali ake auna shi. Ƙosai uku-uku ne, babba da yaro. Ruwan sha kuwa randa ce da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu tun safe, kuma wallahi duk ƙanƙarar firjin da na sha daga baya ba ta kai min wannan ruwan ba. Mangwaro ne ya rufa mana asiri, har ɗanyensa ba mu bari ba.

Kwanukan zaure ba su daina zuwa ba, abin ciki ne ya canza. Kunu, ƙosai, dafaffen rogo, faten wake. Kowacce ta aiko sai ta haɗa da ban haƙuri, “A ce wa Modibbo ya yafe mu, bana ba hali.” Sahur kuma ɗumame da miyar kuka, shi da mu duk ɗaya.

Sai ga ikon Allah. Kwana huɗu, shiru. Bakwai ta zo ta wuce, Baba na tsaye. Dada ba ta ce komai ba don tsoron baki, amma na kama ta. Kullum in an sha ruwa sai ta ɗauki ƙwallon tsamiya ɗaya ta jefa a wani tsohon gwangwanin madara da ke bayan randa.

“Dada, me kike tarawa?”

“Ina ruwanki? Je ki kwashe ƙosai kar ya ƙone.”

Duk gidan muna ramewa, wuyan kowa ya fito, shi kaɗai ke cika. Kumatunsa suka ciko, cikin idonsa ya yi ja, ƙurajen baki suka mutu. Muryarsa a tafsiri har bakin titi ake ji. Ranar sha biyar na ga ya tsaya a bakin rijiya ya karɓi guga daga hannun ƙanina ya ja da kansa, matan da ke daka suka kalli juna. Liman ma da bakinsa ya ce a gaban jama'a, “Modibbo, bana sai filin idi.” Baba ya sunkuyar da kai. Da ya cika ashirin ya sa aka ciro farar rigarsa daga akwati aka kai wanki da guga. A shekarun baya daga kan tabarma yake jin kabbarar masu tafiya idi, in ma ya je to a rirriƙe. Bana so yake ya taka da ƙafarsa, da azuminsa cif ba giɓi, sau ɗaya a rayuwarsa. Mutane suka ce addu'a ce ta karɓu. Wasu suka ce wani sassaƙe aka kawo masa daga dutse. Ni har da cewa albarkar zuwana ce.

Ranar ashirin da biyu Sa'adu ya dawo, na koma Dubeli. Yana sauke kaya sai ga wani ɗan buhu a naɗe cikin tsumma, daga tsallaken iyaka ya samo. Fulawa. Fara sol, ga laushi, na tura hannu a ciki na ji sanyinta. Kai! Ban san ina kewar ƙamshin nan ba sai ranar.

Maƙwabciyata Maman Rifkatu, mutuniyar wajen Numan ce, malamar firamare, Kirista, su ma suna cikin nasu azumin na kafin Ista. Ta leƙo ta ga buhu, ta dafe ƙirji.

“Amarya! Wannan kin samu a ina? Mu ko cincin na Ista mun cire rai.”

Na auna mata kwano guda. Ta ce ba za ta karɓa haka kawai ba, na ce to ta koya min yadda funkasau ke tashi, don nawa kullum a kwance yake fitowa kamar faifai.

“Wa za ki yi wa? Oga?”

“Babana.”

“A to, wannan sai mu yi shi da kyau. Babanki zai san ya haifi mutum.”

Wannan maganar ce ta shige ni. Ita da zuciya ɗaya ta faɗa, Allah ya sani.

Ranar ashirin da shida muka kwaɓa tun hantsi. Da zafin nan ƙullu bai yi awa biyu ba ya taso har yana ture murfi. Na yi miyar taushe da kabewa da gyaɗa da ɗan naman da Sa'adu ya sayo. Maman Rifkatu na tsaye a kaina, “Rage wuta, Amarya, zai ƙone a waje ciki ɗanye.” Suka fito jawur, in ka raba ɗaya ka ga huji-huji kamar saƙar zuma. Ina azumi ƙamshi na juya min kai. Na zaɓi huɗu mafiya kyau na jera a sabon kwanon aurena mai fure, na zuba wa yara nasu daban, na ɗaure da adiko, na hau tasi zuwa Yola, kwano a cinya yana ƙona ni.

Na isa saura kaɗan a kira magariba. Dada na tsakar gida tana zuzzuba kunu. Na buɗe kwanon a gabanta ina jiran yabo. Ta duba, sai fuskarta ta canza.

“Adda, alkama ce?”

“Fulawa zalla, Dada. Duk Yola yau ba mai irinta.”

Ta mayar da murfin a hankali. “Sannu da aiki. Bari a kai wa liman wannan, yara su ci ɗayan. Babanku an riga an kai masa nasa.”

Ba ta faɗi dalili ba. Bafulatana ta zauna tana yi wa 'yarta bayanin cikin mijinta? Ni kuma ban tambaya ba. Zuciya ce ta ɗebe ni, ga yunwa, ga ƙishi, ga ƙuna a cinya. Tsakanin inda muke da zauren Baba asabari ne kawai, na sani sarai, kuma na ɗaga murya ne don ya ji.

“Shekara ashirin bai taɓa kiran sunana ba, ban ce komai ba. Yanzu abincin hannuna ma ba zai shiga bakinsa ba? To a faɗa min in ba shi ya haife ni ba, in sani!”

“A'uzubillahi. Adda, rufe bakinki.”

Sai muryarsa daga bayan asabari, ƙasa-ƙasa.

“A kawo.”

Dada ta tsaya riƙe da ludayi, ba ta motsa ba.

“A kawo kwanon,” ya sake faɗa. Daidai nan ladan ya ɗaga murya.

Ni na kai da kaina. Ya sha ruwa, ya fita salla, ya dawo ya same ni a raɓe a bakin ƙofa, abin da ban taɓa yi ba. Ya zauna, ya yi bismilla, ya gutsura, ya dangwali miya. Bai dube ni ba. A hankali yake ci, yadda yake yin komai. Na ɗaya, na biyu. A na uku ya ɗan dakata.

“Baba, ko bai yi ba?”

Ya girgiza kai ya ci gaba. Ya cinye huɗun tas, ya suɗe miyar, ya turo min kwanon. Na koma Jimeta kamar an ba ni kujerar Makka. Na rantse, har murmushi nake yi ni kaɗai a cikin tasi.

Washegari ban san komai ba sai bayan la'asar, da aka aiko in zo. Ashe abin ya tashi tun kafin sahur. Dada ta roƙe shi ya sha, ya ƙi, ya ce saura kwana huɗu. Ya wuni yana zirga-zirga da buta, a ranar da ko mai lafiya sai ya jiƙa zane sau uku. La'asar na yi ya sa riga ya tafi masallaci yana bin bango. Ya ja aya ta farko, ya ja ta biyu, a tsakiyar ta uku murya ta yanke, ya sulale gefe. Nan a gaban jama'a aka ɗura masa ruwa, saura awa ɗaya da 'yan mintuna rana ta faɗi. Mutum huɗu suka kawo shi gida a tabarma.

Ko kusa ban haɗa abin da funkasau ba. Na ce rana ce, kowa ma haka ya ce. Masu zuwa dubiya na cewa, “Bana dai ya yi ƙoƙari,” kuma na ga wasunsu na haɗa ido.

Ranar Sallah hadarin farko ya haɗu ta gabas, iska ta kaɗa, aka yi ɗan yayyafin da bai wuce ya tada ƙamshin ƙasa ba. Maza suka wuce ta ƙofar gidanmu suna kabbara. Farar rigar na rataye a ƙusa da karin gugarta. Baba na kwance, fuskarsa na kallon bango. Ina tsugune ina wanke-wanke Dada ta fito da gwangwanin nan, ta zo gabana, ta juye ƙwallayen tsamiyar a ƙasa kusa da ƙafata. Ta juya ta koma ɗaki. Na ɗauka baƙin ciki ne kawai. Na share su na zuba a murhu.

Ya rama huɗunsa bayan Sallah. Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kama shi, kwana biyar ya yi. Bai ga wani azumin ba.

Ni kuwa na riƙe funkasau hannu bibbiyu. Shi ne abu ɗaya da na san ubana ya karɓa daga hannuna ya cinye, don haka na ƙware a kansa, biki da suna ni ake nema. Shekara talatin ina soyawa, ina ci, ina shan maganin ulsa.

Bayan maganar likita na yi shekara biyu ban iya tada zancen da Dada ba. Jiya, ashirin da shida ga wata, na ɗauki kulata na tafi Adarawo shan ruwa. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Mangwaron na nan. Na zauna kusa da tabarmarta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na faɗa.

“Dada, ciwon nan nawa, ina jin shi ne na Baba. Alkama ce. Da mun sani…”

“Da kun sani dai,” in ji ta. “Shi ai ya sani.”

Na ce, “Na'am?”

“Tun ranar da kika fara zuwa min da kula na gane gadonsa kika yi. Waccan shekarar, kin koma ɗakinki da kwana biyu, ya kira ni. Ya ce ya duba duk abin da ya canza bana bai ga komai ba sai alkama. Ya ce ko an kawo kar a shigo masa da ita, har ya ga ƙarshen watan.”

“To me ya sa ya ci?”

Ta juyo da fuskarta inda muryata take. “Ke kika tambaya ko shi ya haife ki.”

Ta yi ta jan carbinta, har na zaci ta gama.

“Da safen Sallar nan ya ba ni saƙo in ba ki. Haushinki nake ji, na fito miki da gwangwani a madadinsa. Daga baya kuma nauyi ya hana ni.”

“Wane saƙo, Dada?”

“Cewa ya yi, ki ce wa Fadimatu funkasau ya yi daɗi.”

Kwana huɗu na ƙwace wa bawan Allahn nan, su kaɗai ya taɓa roƙa a duniya, don in ji kalma ɗaya daga bakinsa. Ashe ya faɗe ta, yana kwance yana kallon bango. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Aka kira magariba a masallacin da yake jan baƙi. Dada ta laluba ta miƙo min ƙoƙon kunu, ta ce in sha, na gero ne zalla, ita ta tsaya aka dama. Na karɓa na riƙe, har ya huce ban kai baki ba.